Injin jirgin Kawu: daga rataya zuwa komawa ruwa

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Yau aka kawo injin daga dam ɗin Daberam a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da tsohon bargo. Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 15, silinda biyu, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda kamun kifi ne sana'arsa tun tasowa. Ni aikina gyaran injin ban-ruwa da janareta ne a nan cikin Daura, saboda haka duk abin da ya shafi ƙarfe a dangi kaina yake faɗowa.

Ruwan dam ya ja baya. Kututturan da ruwa ya rufe da damina sun fara leƙowa, gaɓa ta zama laka, farfela sai cin ƙasa take yi. Ga kuma fetur: tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kifin bazara ba ya mayar wa masunci kuɗin man da ya ƙona. Kawu zai koma wa filafili da ƙaramin kwale-kwalensa har ruwa ya dawo, wato sai wajen Agusta.

"Ai ba wani abu za ka yi masa ba, ɗan nan. Ka jingine shi a lungu ka rufa masa tabarma. Lafiyarsa lau."

"Kawu, bara ma lafiyarsa lau kuka jingine shi."

Ya ce wannan sharrin mai ne. Ban musa ba, sharrin mai ne, amma man da aka bari a cikinsa. Bara da aka tashi tayar da shi, ƙarti suka yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, daga ƙarshe da na buɗe kafireta jet ɗin, wato ɗan ramin da mai ke bi, ya toshe ɗam. Kwana biyun farko na cikar ruwa, lokacin da kifi ke tashi, a kan tudu suka wuce shi.

Litinin, 10 ga Maris

Saboda azumi da sanyin safiya muke aikin. Na sa yarona ya cika duro da ruwan famfo, muka cire farfela, muka ɗaure injin a katakon da na gicciya a bakin duron, ƙafarsa a cikin ruwa har ya haura faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela da kusan tafin hannu. Wanda ya saba da janareta yakan so ya ɗan tayar da injin jirgi a busasshe, wai don ya ji ƙara. Ba a yi. Abin da ke tura ruwan sanyaya injin wata 'yar farfelar roba ce a cikin ƙafar, kuma ruwan da take turawa shi ne maikonta. Babu ruwa, kafin ka gama gyara tsayuwa ta ƙone.

Ya tashi, fitsarinsa na fita, wato tsirin ruwan da ke nuna ruwan sanyaya injin na zagayawa, amma ba da ƙarfin da nake so ba. Na bar shi a silo ya yi ɗumi, ruwa mai tsabta ya wanke lakar dam da ke cikin hanyoyinsa. Ruwan duron ya koma ja.

Sai na zare tiyon mai daga jikin injin, na bar shi ya ci gaba da shan abin da ya rage a kafireta. A nan akwai abin lura. Injin mota yana da baƙin mansa a ajiye a ƙasa. Wannan kuwa ba shi da wani maiko sai wanda ya shigo tare da fetur. In ka bar shi ya shanye man har ya mutu haka nan, cikinsa ya bushe ke nan daidai lokacin da zai yi watanni a tsaye. Akwai man fesawa na gwangwani da ake yi don wannan aiki, amma ban taɓa ganinsa a shagunanmu ba. Abin da na yi, da na ji murya ta fara sauyawa yana shirin mutuwa, sai na riƙa tsiyaya baƙin man haɗi a bakin kafireta da sirinji, kaɗan-kaɗan. Hayaki ya turnuƙe shagon, mai shayin da ke maƙwabtaka da mu, da ba ya aikin rana a watan nan, ya taso daga barci yana tambaya ko gobara ce. Haka injin ya mutu da maiko a jikin kowane boris da ke cikinsa.

Na kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kwanon kafireta, sauran man ya tsiyaye a tsumma. Ko an ce injin ya shanye, kullum akwai ragowa a kwanon, kuma ita ce ke bushewa ta zama danƙo. Na cire fulogi biyun, na zuba kusan ƙaramin cokali na mai a kowane rami, na ja igiya a hankali don ya shafe bangon silinda, na mayar da tsofaffin fulogin. Sababbi sai ranar tashi.

Laraba, 12 ga Maris

Man giya. A jikin ƙafar akwai sukuru biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Na tara kwano na kwance na ƙasan, sannan na saman don iska ta shiga. Man da ya kamata ya fito ruwan zuma ko baƙi-baƙi, sai ya fito kamar shayi da madara. Ruwa ya shiga.

Na ɗauki sukurun ƙasan na duba kansa, domin maganaɗisu ne da shi. Akwai garin ƙarfe mai laushi, wanda in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin komai. Wannan cin yau da gobe ne. Da ɓarɓashi na gani mai kaifi, da sai a fara maganar haƙoran giya, maganar da aljihun Kawu ba zai so ba.

Ta ina ruwan ya bi? Na riga na zargi wuri tun shekaranjiya da muka zare farfela. A bayanta, jikin shaf, akwai wani abu baƙi-kore mai tauri da ya zagaye ƙarfen, wanda yarona ya ɗauka washa ce. Zaren koma ne, na roba. Farfela ta naɗo shi, zafin juyawa ya narkar da shi ya dunƙule, yana ta matsawa ciki har ya ci leɓen oyal sil, robar da ke hana mai fita da ruwa shiga. Da tsinken waya na riƙa zaƙulo shi, yana fitowa a nannaɗe, wani ma da guntun ƙugiya a jikinsa. A ruwan da masunta suka cika, kowa da komarsa da mamarinsa, wannan ba ya ƙarewa. Maganinsa a riƙa zare farfela lokaci-lokaci a duba, aikin da bai kai a dafa shayi ba, amma har yau ban ga masuncin da ke yi ba.

Da an bi ta Kawu an jingine shi haka, ruwan nan zai kwanta a ƙasa, man ya taso sama, boris da haƙoran giya su yi wata biyar a jiƙe. Littattafan waɗannan injuna an fi rubuta su da tunanin mutanen Turai da Kanada, inda ruwan da ya rage ke daskarewa ya fasa ƙarfe. Mu nan ba ƙanƙara, tsatsa ce, kuma ita ba ta fasa komai ka gani. Sai an koma ruwa ka ji ƙafar na gurnani.

Na kira Kawu na gaya masa sai an sayi sil.

"Nawa?"

Na faɗa masa.

"Ba za a iya liƙe shi da gam ba?"

Na ce Allah ya ba Kawu haƙuri, ba za a iya ba. Ya ce to, a saya, amma in sani shi da kifi zai biya.

Asabar, 15 ga Maris

Tankin da tiyonsa. Akwai kusan lita shida na haɗi a ciki, Kawu ya aiko a ce kada a taɓa, na tashin farko ne. Na juye shi a ƙaramin janaretan shago mai shan haɗi, na rubuta a bango cewa ana bina lita shida. Fetur ba ya ajiyuwa a zafin garin nan. Mai sauƙin kamawa da wuta shi ke fara tserewa ta murfi, a bar maka mai nauyin, launi ya yi duhu, wari ya koma na tsohon fenti.

Na ɗauraye tankin da sabon fetur kaɗan, yashi ya fito, da wani ɗan ruwa da ya kwanta a ƙasa. Na wanke matatar mai da ke jikin injin. Tiyon na tsiyaye shi na rataye a inuwa. Robar matsawar da ke tsakiyarsa ta fara tsattsagewa a wuya, na sa ta cikin abin saye.

Sauran duk aikin giris ne: wuyan da injin ke juyawa a kai, sukuran da ke damƙe katakon jirgi, wayar totur, sandar giya.

Alhamis, 27 ga Maris

Sil ya iso daga Kano ta hannun wani direban da ke bin hanyar Kazaure. Guda biyu ne a jere a wurin. Na sa su, sannan kafin in zuba mai na gwada: na haɗa famfon keke da ramin sukurun sama, na ba shi iska kaɗan, na tsoma ƙafar a duro. Ba kumfa ko ɗaya.

Zuba man giya daga ƙasa ake yi. Ka sa bakin robar man a ramin ƙasa ka matsa har ya ɓullo ta ramin sama, ka ɗaure na saman tukuna, sannan ka zare robar ka yi wuf ka ɗaure na ƙasan. Wanda ya ɗura ta sama iska ce za ta tare masa hanya, ya ɗauka ya cika alhali rabi ne. Mai lamba 90, kwatan lita yake ci. Na canza 'yan washar da ke ƙarƙashin sukuran biyu, su ma hanyar ruwa ce in sun tsufa.

Kafinta ya haɗa mini maratayi na katako. A tsaye injin zai zauna, yadda yake zama a bayan jirgi, don duk ruwan da ya rage ya tsiyaye ƙasa. In dole sai an kwantar da irinsa, kai ya fi ƙafa tudu, in ba haka ba ruwa ya biyo hanyar hayaki ya gangaro cikin silinda. Ƙafafun maratayin na tsoma su a gwangwanayen tumatir da ƙonannen baƙin mai saboda gara. Na toshe bakin kafireta da ramin hayaki da tsumma mai maiko, na liƙe ramin fitsari da salatif, na rubuta jerin duk abin da na toshe a kwali na ɗaura a hannun totur. Rufi kuwa tsohon zanin gado ne, ba leda ba. Leda gumi take tarawa.

Sallah saura kwana kaɗan, shago ya cika da janaretocin mutane. Injin Kawu ya shiga lungu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40, kwanon shago ba ya taɓuwa. Na ɗaga zanin, na ja igiya a hankali don fistan ya sauya wurin zama. Yana tafiya sumul.

Talata, 17 ga Yuni

Ruwa ya sauka, iska ta yi nauyi, sifanun da ke rataye a bango sun fara yin ja. Yanzu ne man da aka zuba a watan Maris yake aikinsa.

Na cire hular injin. Zanzaro ya yi gini har ɗaki uku a jikin kwayil, wani kuma a lungun da ke bayan kafireta. Na kankare su. Inda ya fi so shi ne ramin fitsari, don daidai jikinsa ne, ya cusa laka ya tafi. Ranar tashi a ga ruwa ba ya fita a ɗauka famfo ne ya mutu. Salatif ɗin yana nan, har da alamar laka a gefensa inda ya gwada.

Ɓera ma ya zo. Kashinsa na cikin tiren ƙasa, ya ɗan ɗanɗana robar wayar fulogi ta sama amma bai kai ga ƙarfe ba. Na naɗe wurin, na cusa ragar waya a ramukan da yake bi, yarona ya kawo tarko.

"Maigida, a sa masa magani mana."

Na ce a'a. Ya ci magani ya shige cikin hular ya mutu, wa zai zauna da warin?

Laraba, 16 ga Yuli

Jiya aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na nan Daura, bayan rasuwarsa a Landan ranar Lahadi. Allah ya jiƙansa. Gari ya cika maƙil, ba wanda ya buɗe shago a layinmu, direban da zai kawo mini kaya ma sai yau ya samu shigowa.

Kayan su ne farfelar ruwa ta roba, fulogi biyu, robar matsawa. Da gangan na bar canjin farfelar ruwan sai yanzu. A cikin gidanta a lanƙwashe take zama, kuma gidan ba a tsakiya take ba, gefe ɗaya ya fi matse ta. In ta yi watanni ba ta juya ba, fukafukan da ke gefen matsin sukan sandare a haka. Ba amfani a sa sabuwa a watan Maris ta yi zaman banza.

Wadda aka kawo ba ta yi mini ba. Kwalin ya yi kyau, amma robar tana ƙyalli, na lanƙwasa fiffike ɗaya ya daɗe bai miƙe ba, kuma zoben ƙarfen da ke tsakiya ina murza shi na ji yana motsi a cikin robar. Irin wannan ce ke kwancewa a tsakiyar ruwa: shaf na juyawa, roba na tsaye. Na mayar wa mai ita. Ya yi ta rantsuwa a waya, daga baya ya ce akwai wata amma ta fi tsada. Da ma ita na tambaya tun farko. Araha ba ta ado.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na sauke ƙafar. Sai an fara raba sandar giya, sannan a kwance notocin, ƙafar ta zaro da dogon shaf ɗinta. Tsohuwar robar, cikin fukafukai shida biyu sun kwanta ba sa tashi, ɗaya ya tsage a gindi. Dalilin raunin fitsarin da na gani a watan Maris ke nan. Na lissafa su sun cika, babu guntun da ya ɓalle ya shige hanyar ruwa. Farantin ƙarfen da take gogawa a kai ya yi zane saboda yashi, amma farce bai kama ba, na bar shi.

Wurin sa sabuwar akwai ɗan makulli a jikin shaf, ƙarami ƙwarai, wanda in ya faɗi a ƙasar shagona sai dai a yi masa addu'a. Na liƙe shi da giris. Na shafa wa robar ruwan sabulu, ina danna gidan ina juya shaf ɗin ta hannun dama, yadda injin ke juya shi, har fukafukan suka kwanta gefe guda suka shige. Giris a haƙoran shaf, ban da samansa, don wanda ya taru a sama hana shi zama yake yi. Mayar da ƙafar ya fi sauke ta wuya: shaf ya shiga gurbinsa, bututun ruwa ya shiga nasa, duk a lokaci ɗaya kuma ba ka ganin ko ɗaya. Yarona na riƙe da fitilar waya, ni ina kwance a ƙasa.

Litinin, 4 ga Agusta

Na bi kwalin da na ɗaura a totur, na cire duk abin da na toshe. Na zare tsofaffin fulogi na ja igiya don man da ke ciki ya fita. Ma'aunin matsi ya nuna 115 a silindar sama, 112 a ta ƙasa. Kusancin nan nasu shi na fi dubawa. Sababbin fulogi NGK B7HS-10, tazarar bakinsu milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan.

Haɗin mai 50 da 1 ne, wato mililita 200 na baƙin mai a lita 10 na fetur. Da sirinji na auna. A bakin ruwa da ido ake yi, ko da murfin galan, kuma da kowane irin mai aka samu, har na mota. Na mota ba don ƙonewa aka yi shi ba, toka yake bari a kan fistan da fulogi. Na injin jirgi za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin robar.

Duro, ruwa, na matsa roba har ta yi tauri, na ja cok. Ya yi tari, ya kama. Hayakin farko fari ne mai kauri, ragowar man ajiya ne ke ƙonewa, can ya washe. Idona na kan fitsari: ya fito da ƙarfi, tsiri guda, har yana dukan bangon duron. Na tara hannu, da ɗumi amma ba ya ƙuna. Na zare jar igiyar kashewa don in gwada, ya mutu nan take.

Lahadi, 10 ga Agusta

Daberam. Ruwa ya cika ya shanye inda aka yi lambu da rani, ja wur da shi. Muka ɗaura injin a tsakiyar katakon baya, na ƙara masa igiya na ɗaure a jikin jirgi, don sukuran damƙa sukan saki da girgiza. Sarkin Ruwa ya zo ya tsaya yana kallo, aka gaisa, ya yi addu'a.

Na roƙi Kawu ya tafi a rabin totur tukuna. Ya yi haka har muka bar gaɓa, daga nan ya murɗe shi duka. Injin ya amsa ba tare da shaƙewa ba, gaban jirgi ya ɗaga. Giyar gaba da ta baya duk suna shiga. Ya juyo yana dariya.

"Ka gani? Na ce maka lafiyarsa lau."

Jar igiyar kashewa kuwa, da ya kamata ta kasance a wuyan hannunsa, ya naɗe ta a jikin totur. Na yi magana. Na kuma yi maganar rigar ruwa, tun da ranar kasuwa yakan ɗauki mutane da kaya ya tsallaka da su, kuma ba wanda ya manta abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya. Kawu ya ce shi a ruwa aka yanke masa cibiya. Na ce fasinjojin fa? Sarkin Ruwa ya goyi bayana, ya ce zai tara masu jirage su yi maganar. Igiyar dai ya sa a hannu, aƙalla muna wurin.

An biya kashin farko: tarwaɗa huɗu da rabin bokitin karfasa. Ya cire kuɗin lita shidansa a ciki.

Talata, 26 ga Agusta

Na koma da sifana da kwano. Muka ɗaga injin, na sassauta sukurun ƙasa na ɗebi man giya kaɗan: garau, babu alamar ruwa. Na cika abin da na rage. Fulogi sun yi ruwan ƙasa, yadda ake so. Na zare farfela a gaban Kawu da yaransa, sai ga sabon zare ya fara naɗuwa, bai kai ga sil ba tukuna. Na miƙa wa babban ɗansa filaya da sifana da 'yan filolin maƙale noti, na nuna masa yadda ake yi, na ce duk Juma'a kafin masallaci.

Abin da ya rage igiyar tayarwa ce, ta fara cin kanta kusa da mariƙi. Kawu ya ce a bari ta tsinke tukuna. Na yanko sabuwa na ba ɗan nasa ya ɓoye a akwatin jirgi, kuɗinta na shiga lissafin kifin wata mai zuwa.